Waƙar Voltaire a kan Sarki Henri na 4: haƙuri da juna ne ko miƙa wuya?

Malam Ɗan Damagaram:
Assalamu alaikum jama'a. Tunda an ce wannan makon na waƙoƙin sarauta ne na wasu ƙasashe, ni ga tawa gudummawar, La Henriade ta Voltaire, marubucin Faransa ɗin nan da aka haifa 1694 ya mutu 1778. Doguwar waƙa ce mai babi 10, ƙwar biyu ce tun daga farko har ƙarshe, kuma kowane ɗango gaɓa 12 ne cif. Gwarzon waƙar shi ne Sarki Henri na 4, wanda sarauta ta faɗo kansa a 1589 lokacin Katolika da Furotesta sun kusa shekara 30 suna yanka juna a Faransa, don tun 1562 aka fara. Shi Henri Furotesta ne, mafi yawan ƙasar kuma Katolika, toh sai birnin Faris ya rufe masa ƙofa, mutanen suka ce ba za su bi sarkin da ba addininsu ɗaya ba. Waƙar labarin yadda ya yi wa birnin ƙawanya ne har ya samu shiga. Abin da nake so mu tauna shi ne, mu a lakwal an koya mana cewa waƙa ce ta haƙuri da juna a addini, amma da me ta ƙare? Da Henri ya bar addininsa ya koma Katolika, sannan aka buɗe masa ƙofa. To wannan haƙuri da juna ne ko miƙa wuya?

Ƴar Katsina:
Wa alaikumus salam Malam. Don Allah kafin a shiga muhawarar a ɗan warware mana, ta yaya ma Furotesta ya zama mai jiran gado a ƙasar Katolika?

Malam Ɗan Damagaram:
Ƙanwata ai dokar gadonsu ce ta kawo haka, sarauta ta wajen maza kawai take bi. Gidan Valois ne ke mulki, ƴaƴan Catherine de Médicis uku suka yi sarauta ɗaya bayan ɗaya babu wanda ya bar ɗa namiji da zai gaje shi, da ƙaramin nasu ya mutu 1584 sai aka duba aka ga wanda ya fi kusa shi ne Henri sarkin Navarre na gidan Bourbon, shi ma jinin Louis na 9 ne. Daga nan rikici ya ƙara tashi, ƙungiyar Katolika masu zafi ƙarƙashin gidan Guise suka ce sam, sarkin Sifaniya Philippe na 2 yana ba su kuɗi da sojoji. Shi sarki mai ci Henri na 3 da ya ga sun fi ƙarfinsa har sun kore shi daga Faris, sai ya sa aka kashe shugabansu a Blois a Disamba 1588, sannan ya haɗa kai da Henri na Navarre suka nufo Faris tare. Daidai nan waƙar ta fara. A Agusta 1589 wani matashin malamin coci mai suna Jacques Clément ya samu shiga wajen Henri na 3 ya daɓa masa wuƙa, shi ke nan sarauta ta koma kan Furotesta.

Maman Ilham:
Ni fa Malam na karanta ta, kuma ina ganin kana yi wa waƙar hukunci da babinta na ƙarshe kawai. Ka koma babi na 2. A nan Henri ya je Ingila neman taimakon Sarauniya Elizabeth, ta ce ya ba ta labarin abin da ya jefa ƙasarsu cikin wannan hali, shi ne ya fara da cewa shi ba zai yanke hukunci tsakanin Janiba da Rum ba, wato tsakanin cibiyar Furotesta da ta Katolika, don ya ga zalunci ta kowane ɓangare. Ka tuna fa a lokacin da aka rubuta wannan, addinin Furotesta haramtacce ne a Faransa, fasto in aka kama shi rataye shi ake yi. Mutum ya fito ya sa wannan magana a bakin kakan sarakunan ƙasar, wlh ba ƙaramin ƙarfin hali ba ne. Shi ya sa ma aka hana shi izinin bugawa, a ɓoye aka buga ta a Rouen 1723 da sunan La Ligue, sai 1728 ta fito cikakkiya a Landan da sunan da muka san ta da shi.

Ɗan Wusasa:
Hajiya ta yi gaskiya kan babi na 2. Ni Kirista ne kuma Furotesta, wannan babin ba na iya karanta shi a zama ɗaya. Labarin kisan kiyashin ranar Bartalamawus ne, 24 ga Agusta 1572. Abin da ya fi ciwo shi ne biki aka zo, an ɗaura auren shi wannan Henri ɗin da Marguerite ƙanwar sarki Charles na 9 ranar 18 ga wata, aure ne da aka ƙulla don a sasanta, manyan Furotesta duk sun shigo Faris da aminci. Kwana shida bayan nan aka fara da jagoransu Coligny, aka kashe shi a ɗakinsa aka jefo gawar ta taga, daga nan gari ya ɗauka, maƙwabci na kashe maƙwabci, ana zuba gawarwaki a kogin Seine. Dubbai aka kashe a Faris kaɗai, abin ya bazu zuwa Orléans da Lyon da Rouen da Toulouse da Bordeaux har watanni. Fafaroma Gregory na 13 kuma ya sa aka yi addu'ar godiya a Rum har aka buga lambar tunawa. Shi kansa Henri da ƙyar ya sha, sai da aka tilasta masa ya koma Katolika aka tsare shi a fada har ya gudu 1576 ya koma addininsa.

Ƴar Katsina:
Innalillahi. Kenan komawarsa ta ƙarshe ba ita ce ta farko ba?

Ɗan Wusasa:
Ko kusa ƙanwata. Tun yana yaro ake jan sa, uwarsa Jeanne d'Albret Furotesta ce ta gaske, ubansa kuma ya karkata ga Katolika. Ta 25 ga Yuli 1593 a Saint-Denis ita ce dai ta ƙarshe.

Abu Sumayya:
Salam. Ku yi haƙuri zan ɗan karkatar da maganar amma ba zan iya shiru ba. Wannan Voltaire da muke zaune muna yabon haƙurinsa, shi ne fa ya rubuta wasan kwaikwayo na cin mutuncin Manzon Allah SAW, aka nuna shi a Lille 1741 sannan Faris 1742, ya ƙirƙiro ƙarya ya jingina masa, ya kuma aika wa Fafaroma da shi. Mutumin da haƙurinsa ya tsaya tsakanin Kirista da Kirista, da ya zo kanmu sai ƙazafi, ni ban ga dalilin da zai sa in ɗauke shi malamin zaman lafiya ba. Kuma abin ba daga kansa ya fara ba, ku duba tsohuwar waƙarsu ta Roland wadda aka rubuta wajen 1100, a ciki an ce Musulmi gumaka suke bauta wa, an ce su ne a kan ɓata Kirista a kan gaskiya, da sarkinsu Charlemagne ya ci Saragosa kuma wanda ya ƙi baftisma kashe shi aka yi, kuma mawaƙin yabo yake. Alhali a tarihi waɗanda suka far wa rundunar Charlemagne a Roncevaux 778 mutanen Basque ne.

Maman Ilham:
Malam Abu Sumayya ba wanda zai kare wannan wasan a nan, ƙarya ce kuma cin mutunci ne, ni ma yana min ciwo kamar yadda yake maka. Kuma in za a tona, abin da ya rubuta kan Yahudawa da baƙar fata ma akwai ƙazanta sosai a ciki. Amma karanta mutum ba bin sa ba ne. Kai da kanka yanzu ka kawo hujjar da ta sa waƙar ta cancanci a duba ta, a waƙar Roland sarki nagari shi ne wanda ya tilasta wa mutane addini da takobi, bayan shekara 600 sai ga waƙa a yare ɗaya da ƙasa ɗaya tana cewa mai kisa da sunan addini shi ne mugun labarin. Ni wannan juyin nake so in fahimta, me ya same su a tsakani har suka canza waƙa. Amsar kuwa jini ne ya ishe su.

Abu Sumayya:
Hajiya na ji, amma jinin nasu ne ya ishe su. A shekarar 1685 suka kafa dokar bayi ta Code Noir wadda ta ce dole a yi wa duk bawa baftisma ta Katolika a kuma kori Yahudawa daga tsibiran da suke mallaka. Waƙar da ta zo bayan wannan da kusan shekara 40 ta yi kuka a kan waɗannan? Kukanta na Turawa ne.

Malam Ɗan Damagaram:
Ɗan'uwa wannan gaskiya ce, ba zan musa ba. Abu ɗaya zan ƙara don a cika adalci, a littafinsa kan haƙuri da juna na 1763, wanda ya rubuta bayan an kashe wani ɗan kasuwa Furotesta Jean Calas a Toulouse 1762 bisa zargin ƙarya cewa ya kashe ɗansa don kada ya koma Katolika, da Sarkin Musulmi na Daular Usmaniyya ya kafa wa Faransawa hujja, ya ce ga shi yana mulkin al'ummu masu addini daban daban cikin lumana. Kuma bai bar maganar Calas ba sai da aka wanke sunansa 1765. Duk mutum ɗaya ne ya yi wannan da wancan, ni ba na yafe masa wancan saboda wannan, amma ina faɗa wa ɗalibaina duka biyun.

Admin:
Jama'a maganar Abu Sumayya ta shiga kuma an amsa cikin mutunci, Allah ya saka. Mu koma kan waƙar don Allah.

Kawu Na Maraɗi:
Ni tambayata ga malamai, wanga waƙa shin tarihi ce ko yabo? Don abin da nika ji tun ɗazu ya yi min kama da aikin makaɗan fada, a wasa sarki, a ambaci kakanninsa, a yi ma abokan gabansa zambo, wanda ya ɓata wa makaɗi rai kuma a cire sunansa.

Malam Ɗan Damagaram:
Kawu Allah ya ƙara girma, ka taɓo inda yake. Tun ɗangon farko ya ce yana waƙar gwarzon da ya mulki Faransa ta hanyar cin yaƙi da kuma ta hanyar gado. A babi na 7 kuma Louis na 9 ya zo masa a mafarki ya ɗauke shi ya nuna masa sama da wuta da zuriyar da za ta fito daga tsatsonsa, wato sarakunan da ke mulki lokacin Voltaire. Batun cire suna ma ya faru da gaske. A bugun farko amintaccen sarki a waƙar Sully ne, babban wazirin Henri. A 1726 Voltaire ya samu saɓani da wani ɗan gidan sarauta na Rohan, mutumin ya turo barorinsa suka yi masa duka a ƙofar gidan jikan zuriyar Sully inda ya je cin abinci, mai gidan kuma ya ƙi tsaya masa, ƙarshe ma shi Voltaire aka kai kurkukun Bastille daga nan ya wuce Ingila. Da waƙar ta sake fitowa sai aka ga Duplessis-Mornay, wani na hannun daman Henri, a gurbin Sully. Kuma tafiyar nan ta Henri zuwa wajen Elizabeth ba a taɓa yin ta ba, taimakon kuɗi da sojoji dai ta aiko masa da gaske, amma zaman hira ƙirƙira ce, ya kwaikwayi tsarin tsofaffin waƙoƙin Rumawa ne inda gwarzo ke zama gaban sarauniya ya ba da labarin faɗuwar garinsu.

Maman Ilham:
Amma Kawu akwai bambanci guda. Shi wanda ake yabon ya mutu da shekara sama da 100, ba zai ba da doki ko riga ba. Wanda ake so ya ji shi ne yaron da ke kan gado lokacin, Louis na 15, wanda ya hau yana ɗan shekara 5 a 1715. Yabon kaka ne don a ja kunnen jika. Kuma fadar ta gane saƙon, shi ya sa ba ta karɓi waƙar ba, ya ƙare da sadaukar da ita ga Sarauniya Caroline ta Ingila.

Ƴar Katsina:
Toh ni abin da ban gane ba, in har an yarda ya ƙara abin da bai faru ba, ta ina za mu san halin kirkin da ya ba sarkin ba shi ma ƙari ba ne?

Ɗan Wusasa:
Tambaya mai kyau, kuma ƙawanyar 1590 ce wurin gwadawa. Bayan Henri ya ci yaƙin Ivry ranar 14 ga Maris ya zo ya toshe duk hanyar abinci zuwa Faris kusan wata huɗu, mutane suka ci dawakai da karnuka da ɓeraye, dubbai suka mutu da yunwa. A babi na 10 Voltaire bai ɓoye yunwar ba, har ya kawo uwar da ta kashe jaririnta, amma laifin ya ɗora wa shugabannin ƙungiyar da masu wa'azinsu, shi Henri sai aka nuna shi tausayi ya kama shi ya sa a ciyar da mutanen da ke yaƙarsa. Gaskiya ne ya bar wasu talakawa sun fita daga birnin. Amma waye ya toshe hanyar tun farko? Kuma ba tausayi ne ya ɗage ƙawanyar ba, rundunar Sifaniya ce ƙarƙashin sarkin Parma ta iso dole ya janye. Sai 22 ga Maris 1594 ya shiga Faris, bayan ya sauya addini an naɗa shi a Chartres. Waƙar ta matse shekara kusan huɗu kamar abu ne na kwanaki.

Malam Ɗan Damagaram:
Ka dawo da ni kan tambayata ke nan. A waƙar gaskiya ce ta sauko daga sama ta haskaka zuciyarsa ya gane Katolika ce hanya. To mutumin da a babi na 2 ya ce ba zai yanke hukunci ba, ga shi a babi na 10 an yanke masa, kuma ɓangaren masu rinjaye aka bai wa. Ni a nan nake ganin waƙar ta ci amanar kanta.

Maman Ilham:
Ni kuma ban ga haka ba Malam. Ka bar abin da waƙar ta ce game da sama, wannan dole ce ta zamanin, ba yadda zai rufe ta ba haka ba in yana so Bafaranshe ya karanta. Ka dubi abin da sauyin ya haifar. Da ya dage, yaƙi ya ci gaba, Sifaniya ta ɗora wanda take so. Da ya sauya sai ya samu ƙarfin da ya kafa dokar Nantes a Afrilu 1598, Furotesta suka samu ƴancin riƙe imaninsu, da yin ibada a wuraren da aka ƙayyade, da riƙe muƙaman gwamnati, da kotuna masu alƙalai daga ɓangare biyu, har da garuruwa masu ganuwa irin su La Rochelle don kare kansu. Sarki Furotesta da ba zai iya tilasta wa majalisun shari'a na Katolika su karɓi wannan ba. Ya bar nasa ne don mutanensa su riƙe nasu. Kuma ransa ya biya, 14 ga Mayu 1610 wani mai tsattsauran ra'ayi Ravaillac ya hau keken dokinsa a titin Faris ya soke shi har lahira.

Ɗan Wusasa:
Hajiya ki yi haƙuri, a nan zan rabu da ke. Mutanensa na lokacin ba su ga sadaukarwa ba, sun ga an yashe su. Akwai wani mawaƙin da ya kamata a karanta gefe da gefe da Voltaire, Agrippa d'Aubigné, shi ba labari ya ji ba, sojan Henri ne kuma abokinsa, tare suka yi yaƙi. Waƙarsa Les Tragiques ta fito 1616, kashi 7 ce, kuma wuta ce zalla, ya kwatanta Faransa da uwar da tagwayenta ke faɗa a kan ƙirjinta har suka yaga nonon da suke sha, ya jero waɗanda aka ƙona saboda imaninsu, ya ƙare da ranar hisabi. A Disamba 1594 wani saurayi Jean Châtel ya kai wa Henri sara ya same shi a leɓe, d'Aubigné ya ba da labari da kansa cewa ya ce wa sarkin, da leɓe ka yi musun Allah shi ya sa aka huda leɓe, ranar da ka yi da zuciya zuciyar za a huda. Shi d'Aubigné gudun hijira ya yi, a Janiba ya mutu 1630. Ni in ana maganar haƙuri ina so a ji muryar wanda ake haƙuri da shi, ba ta mai yin haƙurin kawai ba.

Abu Sumayya:
A wannan ina tare da kai ɗan'uwa. Duk imanin da za a ajiye saboda kujera, sunansa siyasa.

Maman Ilham:
Toh amma ku faɗa min, uwar da ƴaƴanta suka tsira saboda yaƙi ya tsaya 1598, ita me za ta kira shi? D'Aubigné mawaƙi ne babba, na yarda waƙarsa ta fi ta Voltaire rai nesa ba kusa ba, ita Henriade wurare da yawa sanyi gare ta, ga waɗannan halittun da ya ƙirƙiro su Husuma da Siyasa da Tsattsauran Ra'ayi suna yawo kamar mutane suna zuwa Rum suna dawowa, ga babi na 9 da aka ɓata kan soyayyar sarki da Gabrielle d'Estrées sai da Mornay ya zo ya janye shi, shi ya sa yau ko a Faransa ba kowa ke karanta ta ba. Amma waƙar d'Aubigné ba ta da wurin da Bakatolike zai zauna a cikinta sai wuta. Da ita za a gina ƙasar da mutum biyu za su zauna? Ba zai yiwu ba.

Kawu Na Maraɗi:
To ita dokar ta Nantes ta ɗore?

Malam Ɗan Damagaram:
Kawu shekara 87 ta yi. A cikinta an rubuta cewa ta har abada ce ba mai soke ta. Tun zamanin ɗan Henri, Louis na 13, aka fara zare ta, wazirinsa Richelieu ya yi wa La Rochelle ƙawanya 1627 zuwa 1628, a 1629 aka ƙwace garuruwan kariyar. Jikan Henri Louis na 14 kuma daga 1681 ya riƙa saukar da sojoji a gidajen Furotesta su ci su sha su wulaƙanta iyali har sai mai gida ya sa hannu ya sauya, a Oktoba 1685 ya soke dokar gaba ɗaya, aka rushe majami'unsu aka kori fastoci aka hana sauran fita, duk da haka kimanin mutum 200,000 suka sulale zuwa Holan da Ingila da Furusiya da Suwizalan har da Afirka ta Kudu. Kuma matar da ke gefen Louis na 14 a lokacin, Madame de Maintenon, jikar d'Aubigné ce ta jini, an rene ta ta zama Katolika. Wannan shi ne babban abin da ke damuna da waƙar, duk maganinta sarki nagari ne. Ba ta tambayi me zai faru in jikan sarki nagari ya ƙi ba, alhali marubucin an haife shi shekara 9 bayan jikan ya ƙi ɗin, yana gani da idonsa.

Ɗan Wusasa:
Kuma ko a ranar da aka kafa ta ba daidaito ba ne, an hana ibadar Furotesta a cikin Faris da kewayenta, kuma dole su biya zakkar cocin Katolika su kiyaye ranakun hutunta. Alfarma ce aka yi musu, mai alfarma kuwa yana iya janyewa.

Maman Ilham:
Wannan na yarda da shi ɗari bisa ɗari. Inda ban yarda ba shi ne a ce don ta rushe ba ta da amfani. Mutanen da aka haifa 1600 suka tsufa suka mutu a gadonsu ba a yanka su a titi ba, su ba za su ce shekara 87 banza ce ba. Kuma a 1723 wa kuke so ya roƙa in ba sarki ba? Majalisar wakilan ƙasar rabonta da zama tun 1614. Sarki ne kaɗai ke da alƙalamin, shi ya sa ya yi masa waƙa.

Ƴar Katsina:
Yaya to yaushe suka sake samun ƴanci?

Maman Ilham:
1787, Louis na 16 ya ba su damar a rubuta aurensu da haihuwarsu da mutuwarsu a hukumance, kafin nan ƴaƴansu a idon doka kamar ba na aure ba ne. Cikakken ƴanci sai da juyin juya halin 1789. Voltaire bai ga ko ɗaya ba, ya riga ya mutu.

Abu Sumayya:
Kuma har yau ba su gama amsa tambayar ba. 1905 suka raba coci da gwamnati, 2004 suka hana ɗalibai mata sa hijabi a makarantun gwamnati, 2010 niƙabi a bainar jama'a, 2023 abaya a makarantu. Tsarin bai canza ba, masu rinjaye ne ke auna wa ƴan tsiraru iya inda za su tsaya. Ku da ke Nijar kun fi mu sanin wannan tunda tsarin karatunsu kuka gada.

Malam Ɗan Damagaram:
Akwai kama amma ba ɗaya ba ne ɗan'uwa, yanzu Musulmi a Faransa yana da masallaci yana da ƙuri'a yana iya kai gwamnati kotu, Furotestan 1700 in aka kama shi a wajen ibada tuƙin jiragen yaƙin sarki ake kai shi har ƙarshen ransa, matan kuma kurkuku. Ina adawa da waɗancan dokokin da ka lissafa, amma in muka ce duk ɗaya ne mun rage wa waɗancan mutanen wahalarsu.

Kawu Na Maraɗi:
Ni dai har yanzu ba ku amsa min ko shi Henri da zuciya ɗaya ya sauya ba.

Ɗan Wusasa:
Kawu wannan sai Allah. Maganar da ake yawan jingina masa cewa Faris ta cancanci mutum ya halarci sujadar Katolika saboda ita, ba a samo ta daga bakinsa ba, daga baya ta ɓullo. Abin da aka sani shi ne bayan ya sauya ya dawo da ƴan ɗariƙar Jesuit ta Katolika ƙasar a 1603, a gefe guda kuma ya bar Sully a kan baitulmali har ƙarshen mulkinsa alhali Sully bai taɓa barin Furotesta ba.

Ƴar Katsina:
Malam don Allah in mutum Faransancinsa bai yi ƙarfi ba daga wane babi zai fara? Ina so in gwada.

Malam Ɗan Damagaram:
Ki fara da na 2 ƙanwata, Faransancin Voltaire mai sauƙi ne in an gwada da na d'Aubigné wanda ya girme shi da shekara sama da 100 kuma rubutun kalmominsa na da ne. Daga nan ki tsallaka na 5 inda aka shirya Jacques Clément har ya kashe sarki, ki lura da yadda aka yi masa huɗuba sai da ya yarda aikin lada zai yi, sannan na 10. In kin tsaya a wani wuri ki turo ɗangon nan guruf mu warware tare, Hajiya ma tana nan.